Tsakanin "Na Ci" Da "An Kayar Da Ni"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman aron fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun ranar Talatar makon jiya. Ni malami ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Shekarata goma sha bakwai ina koyarwa, tara daga ciki kuma ina kodinetan aji, wato malamin da ake ɗora wa duba rijista da sakamakon ɗaliban aji guda. Ka yi mini uzuri, ban sa sunana ko na makarantar ba. Ba tsoro ba ne. Yaron da zan ba da labarinsa yana nan cikin makaranta, ba na son a riƙa nuna shi da baki.

Ranar nan, wajen ƙarfe sha ɗaya, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar ofishina, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye. Ƙurar da ke gefen babbar rigarsa kaɗai ta isa ta gaya maka sammako ya yi daga nesa. Muka gaisa, na nuna masa kujera, ya ƙi zama. Ya ce, "Malam, zuwa na yi in ji laifin da yaron nan ya yi muku. An fitar da sunayen masu tafiya bautar ƙasa, na abokansa duk sun fito, babu nasa. Shi kuwa ya rantse mini ya ci komai."

Na ce, "Baba, a sha ruwa tukuna, bari a dubo." Na jawo fayil ɗin. Yaron bai yi ƙarya ba game da aji huɗu, ya ci komai, har da B a furojet ɗinsa na kammalawa. Ɓarakar tana can baya, a zangon farko na aji ɗaya. Akwai wani ɗan kwas mai yunit biyu (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), irin na gama-gari da ake yi wa kowane sabon ɗalibi kan amfani da Turanci. Maki 34 ya samu. Bai sake yi masa rijista a aji biyu ba, bai yi a aji uku ba, bai yi a aji huɗu ba. Shekara uku kwas ɗin na kwance a fayil, kamar kunama a cikin takalmi.

Na dubi yaron na ce, "Ka san da wannan?" Ya ce, "Sa, na ga F ɗin a lokacin, amma wani ɗan ajinmu ya ce mini irin waɗannan ƙananan ana yafe su a ƙarshe." Na ce wane malami ka tambaya? Shiru. Na ce littafin dokokin ɗalibai da aka raba muku ranar rantsarwa, ka taɓa buɗe shi? Shiru.

Ga abin da shirun nan ya jawo. Kwas ɗin a zangon farko kaɗai ake koyar da shi, don haka sai an buɗe sabuwar shekarar karatu, a yi jarrabawa, a yi maki, majalisar jami'a ta zauna ta amince da sakamako. Shekara guda ta tafi ke nan, da kuɗin rijistarta da kuɗin haya da na abinci. Sannan yaron ba ƙaramin yaro ba ne: sau uku ya zana JAMB kafin ya samu gurbi, yajin aiki kuma ya cinye masa kusan shekara biyu. Yanzu yana dab da cika talatin, kuma dokar NYSC, hukumar bautar ƙasa, ita ce wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri takardar yafewa ake ba shi, ba kaki ba. Alawus ɗin nan na naira 77,000 a wata da yake lissafin zai tara ya ja jari, ya wuce shi saboda yunit biyu.

Sai a lokacin dattijon ya zauna. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Bijimi biyu na sayar a kan karatun nan. Kuma kullum na ce masa ya karatu, sai ya ce alhamdu lillahi."

Kafin wani ya rigaye ni, bari in taka nawa tudun. A aji uku na karɓi ajin su yaron nan, kuma sau biyu na sa hannu a takardar rijistarsa ban lura ba. Ina da kaso a ciki, kuma na faɗa wa mahaifinsa haka a gabansa. Sai dai fayil 260 ne a kabad ɗina, ban da azuzuwa huɗu da nake koyarwa da ɗalibai goma sha biyu da nake duba wa furojet. Shi kuwa fayil ɗaya gare shi a duniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai yana kwana a ɗakin.

Edita, na sha karanta wasiƙu a jaridu kan zaluncin malaman jami'a, kuma ban zo in wanke kowa ba. Akwai malamin da ba ya shiga aji sai saura mako uku jarrabawa. Akwai mai tilasta sayen handawut ɗinsa. Akwai wanda ke ɓatar da takardar amsar ɗalibi ya bar shi da yawon ofis-ofis, akwai kuma wanda ke neman 'yar mutane da lalata a bakin maki, Allah ya tona asirinsu. Akwai ɗakin lakcar da aka gina wa mutum ɗari biyar ake cusa dubu, babu lasifika, babu fanka. Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, ni ma ina cikin waɗanda suka ajiye alli, na kuma ga yadda aka riƙa matse zango bayan an dawo. Duk wannan gaskiya ne. Amma a cikin ɗaliban da suka zauna kan kujerar nan ta ofishina suna hawaye a shekara tara, waɗanda mugun malami ya kayar ba su kai waɗanda sakacinsu ya kayar ba, ko kusa. Wannan ɓangaren ne ba a rubuto muku wasiƙa a kansa, don wanda abin ya shafa ba zai rubuta ba.

Ka saurari bakin ɗalibai ranar da aka liƙa sakamako. Wanda ya samu A zai ce, "Na ci." Wanda ya samu F ba zai ce "na faɗi" ba, sai ya ce, "An kayar da ni," ko "Mutumin nan ya ba ni kariyoba," wato kwas ɗin da sai an maimaita, sai ka ce wata sadaka ce aka miƙo masa yana zaune. Ci nasa ne, faɗuwa ta wani ce. Ban raina wannan 'yar magana ba, domin mutumin da ya yarda kayar da shi aka yi ba shi da abin gyarawa. Jiran sauyin malami kawai zai yi, ko ya shiga neman wanda ya san wanda ya san malamin.

Na san wannan bakin sarai, don da shi na yi magana. Ina aji ɗaya na samu 31 a wani kwas na lissafi da ake yi ƙarfe takwas na safiyar Litinin. A lokacin na tsunduma cikin harkar ƙungiyar ɗaliban jiharmu, mu ne taro har ƙarfe ɗayan dare, mu ne rabon fosta. Lakca huɗu na shiga a zangon gaba ɗaya. Da na je gida hutu na ce wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, malamin mugu ne, kayar da mutane kawai yake yi. Ita ba ta yi boko ba, kuma da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata in tana magana ba. Tana tsince shinkafa a faifai ta ce, "Kowa da kowa ya kayar?" Na ce a'a, wasu sun ci. Ta ce, "To su waɗanda suka ci ɗin, 'ya'yansa ne?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Da aka koma makaranta na je na zauna a layin gaba cikin ƙannena 'yan aji ɗaya, na maimaita kwas ɗin wurin malamin nan dai, na samu 63. Bai canja ba, har tambayoyinsa kusan irin na bara ne.

Yanzu bari in zo kan lissafin da nake ganin ya kamata a karanta wa kowane sabon ɗalibi tun kafin a nuna masa ɗakin kwanansa. A tsarin da muke bi, maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B ne mai 4, daga 50 zuwa 59 C mai 3, daga 45 zuwa 49 D mai 2, daga 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuwa F, sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi wa rijista. Abin da ya fito shi ne CGPA, kuma tun daga zangon farko ake tara shi har ranar fita. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50.

A ɗauka yaro na yin yunit 36 kowace shekara, shekara huɗu ya zama 144. Ya shigo aji ɗaya yana murnar ya tsira daga bulalar sakandare, yana cewa ai aji ɗaya share fage ne, sai an shiga aji biyu za a fara karatu. Ya gama shekarar da 1.50. Idan yana son fita da 3.50, sai ya riƙe 4.17 a duk shekaru ukun da suka rage, wato ko B a kowane kwas ba za ta kai shi ba, sai ya haɗa da A, kuma a lokacin da kwasa-kwasan suka fi tauri. Daraja ta ɗaya kuwa ta kuɓuce har abada: a wannan lissafin, duk wanda ya gama aji ɗaya ƙasa da 3.00, ko A ya jera a kowane kwas har ya fita ba zai taɓa 4.50 ba. Sannan a wurinmu F ba ta gogewa. Ko ka maimaita kwas ka samu A, sifilin farko na nan cikin lissafi, yunit ɗinsa na jan ka ƙasa. Nakan rubuta wannan a allo ranar farko da na haɗu da sabon aji. Wasu sukan kwafa. Mafi yawa suna duban waya, sai a aji uku su zo su ce, "Sa, yaya za a yi GP ɗina ya tashi?" A lokacin sai dai in ba su haƙuri, don alƙalamin lissafi ba ya jin magiya.

Abin da ke rikita yaranmu, a ganina, shi ne babu wanda ya gaya musu an sauya wasa. A sakandare akwai ƙararrawa, akwai firifet a bakin get, akwai malamin da zai bi ka har ɗakin kwana ya koro ka. Wasu ma, mu faɗi gaskiya, a cibiyoyin da ake rubuta amsa a allo suka samo kiredit ɗinsu na WAEC da NECO, iyaye suka biya. Sai ga yaro a wurin da babu mai tashinsa, babu mai tambayarsa ina ya kwana. Idan bai shiga lakca ba, babu abin da zai same shi yau, babu abin da zai same shi gobe. Sai bayan wata huɗu abin zai same shi gaba ɗaya.

Doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin ya cancanci shiga jarrabawa. Na taɓa ƙirga kawuna a aji na samu 90, takardar halarta ta dawo mini da sa hannu 140. Wani ya sa wa mutum biyar hannu da biro iri ɗaya, bai ko damu ya sauya rubutu ba, kuma a ganinsa zumunci ya yi. Ni bai cuce ni da komai ba. Wanda aka sa wa hannun shi ne zai zauna gaban takardar tambayoyi a ƙarshen zango, kuma a ɗakin nan babu mai sa wa wani hannu.

Sai maganar CA, wato tes da asainmen da ake yi a tsakiyar zango. A sashenmu maki 40 ne, jarrabawa 60. Yaron da ya tafi bikin abokinsa ranar tes, bai kuma miƙa asainmen ba, ya shiga jarrabawa da sifili. Kafin ya tsira da E, mafi ƙasƙancin ci, sai ya samu 40 cikin 60, kashi biyu cikin uku na takardar. Wanda kuwa ya lallaɓa ya tara 28 a CA, maki 22 kacal yake nema ya kai C. Yaron da na fara ba da labarinsa abin da ya same shi ke nan: 34 ɗin nan duk a jarrabawa ya same su, gurbin CA ɗinsa fayau yake. Da ya rubuta tes ɗaya ya samu ko 6, da yanzu yana sansanin horo yana fareti.

Saura mako guda jarrabawa kuwa, zo ka ga ikon Allah. Shagunan fotokwafi cike, ana kwafar littafin rubutun yarinyar nan guda da ba ta fashin aji. Dandalin WhatsApp na aji, wanda wata uku ba a tura komai a cikinsa sai barkwanci da tallan turare, ya koma "wa ke da tambayoyin bara?" Dare ya yi a cika ɗakunan lakca da filas ɗin shayi da goro da maganin sauro, wai TDB, karatu har gari ya waye. Abin da aka koyar a mako goma sha biyar ake son haɗiyewa a dare uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe sai ka ga yaro ido jajur, ya san ya ga amsar jiya da dare, har shafin yana iya tunawa, amma abin da ke shafin ya gudu. Daga nan ne wasu ke faɗawa satar amsa, wadda hukuncinta kora ce, ba kariyoba ba. Kwanan nan kuma an samu sabon salo: na ba da asainmen, mutum talatin da wani abu suka kawo mini amsa iri ɗaya daga ChatGPT, ɗaya ma bai goge jimlar da manhajar ke tambayarsa ko yana son ƙarin bayani ba.

Akwai wata matsala da ba sakaci ba ce, amma sakaci ke mayar da ita ajali, ita ce Turanci. Yawancin yaranmu daga makarantun gwamnati suka fito inda da Hausa ake bayanin komai, har darasin Turancin. Su zo nan su tarar da malamin da ba ya jin ko "zo in kashe ka", yana zuba bayani kamar ruwan Agusta. Wannan ba laifinsu ba ne. Inda laifin yake shi ne kunya. Yaro ya gwammace ya faɗi da a ji shi ya yi tambaya da karyayyen Turanci. Na manna a ƙofata cewa ina ganin ɗalibai Talata da Alhamis, sha biyu zuwa biyu. Zango guda kan wuce ban ga mutum goma ba, sai an liƙa sakamako layi ya kai matakala.

Cikin 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa akwai wata matar aure da ba zan manta da ita ba. Da goyo take shigowa, da wani ƙaramin littafi da take rubuta duk kalmar da ta ji a lakca ba ta gane ba. Ranar farko kalma arba'in da ɗaya ta kawo, tana ba ni haƙuri wai za ta ɓata mini lokaci. A gaban ƙawayenta ta taɓa tambayata ma'anar wata kalma da 'yan firamare suka sani, aka yi mata dariya, ta rubuta amsar ta ce na gode. Da ta fahimci haihuwarta ta biyu za ta faɗo cikin jarrabawa, tun da saura wata biyu ta rubuta takardar neman jingine zango ta hannun shugaban sashe, ta haɗa da takardar asibiti, aka amince. Ta dawo ta ci gaba ba tare da F ko ɗaya ba, ta fita da 3.71. A ajinsu akwai wani saurayi da ya fi ta kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Shi ma rashin lafiya ta kwantar da shi lokacin jarrabawa, rashin lafiya ta gaske, amma bai sanar da kowa ba sai bayan wata biyar. Kwas bakwai aka rubuta masa bai halarta ba, kowanne sifili.

Na kawo wannan ne don masu cewa ai wasu ɗaliban suna da uzuri. Ƙwarai kuwa. Ina da ɗalibai masu tuƙa Keke Napep da yamma, da masu zaman POS, da masu ɗinki, da wanda shi ke ciyar da ƙannensa tun da aka kore su daga ƙauyensu. Ban taɓa ganin laifin wanda neman abinci ya hana shi wata lakca ba. Amma jami'a takarda ta sani. Uzurin da aka kawo a rubuce kafin jarrabawa uzuri ne, wanda aka kawo da baki bayanta kuwa labari ne, ko mai tausayi ba shi da inda zai sa shi. Akwai damar rage yunit zuwa mafi ƙarancin da doka ta yarda, akwai damar ajiye kwas a makonnin farko, akwai jingine zango. Duk suna cikin ɗan littafin dokokin ɗaliban nan da ake shimfiɗa wa kwanon abinci. A cikinsa ne kuma aka rubuta cewa wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida za a sa shi a furobeshan, wato zaman gargaɗi, in bai farfaɗo ba a sallame shi, kuma digirin shekara huɗu ba a wuce shekara shida ana yin sa.

Wani zai ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ina ganin yara cike da masallacin makaranta a makon jarrabawa, har da masu neman a yi musu rubutu su sha, alhali takardar rijistarsu ma ba su duba ko lambar kwas ɗin da suka cike daidai take ba. Na taɓa samun wanda ya yi zango guda yana shiga kwas, ya rubuta jarrabawa, ya ci, ashe lambar wani kwas daban ya cike a intanet. Wanda ya ci ba a lissafa masa ba, wanda ya cike kuma aka ba shi sifili.

Kuma abin ya ƙara nauyi yanzu. Kusan mutum miliyan biyu ke zana JAMB duk shekara, guraben ba su kai ko kusa ba, don haka kujerar da yaro ya bari babu kowa ranar Litinin da safe akwai waɗanda suka yi kuka a kanta. Tun 2024 kuma ɗalibai da yawa da rancen gwamnati na NELFUND suke karatu, ana biya musu kuɗin makaranta ana ba su naira 20,000 a wata. Wasu na kiran kuɗin "alawus". Ba alawus ba ne, bashi ne, kuma shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Wanda ya ci bashi ya sayi kariyoba, ban san sunan da za a kira cinikinsa ba.

Iyaye, ku ma da naku. "Ya karatu?" ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, amsarta kuma "alhamdu lillahi" ko da an kori yaro tun bara. Na san wanda ya yi shekara biyu yana karɓar kuɗin rijista daga gida bayan an sallame shi, yana zaune a ɗakin abokai. Duk ƙarshen zango ka ce a kawo maka takardar sakamako a buge, ba a waya ba. Ko ba ka yi boko ba, harafin F ba shi da wuyar ganewa, in kuma ya gagara, malamin firamaren unguwarku zai karanta maka a minti biyu. Ka tambayi lamba ɗaya, CGPA, ka riƙe ta a ka, zango na gaba ka ji ta hau ko ta sauka. Mutumin da ya san farashin buhun masara a kasuwa uku ba zai kasa riƙe wannan ba. In da hali, sau ɗaya a shekara ka tako ka ga kodinetan ajin ɗanka. A shekara tara, iyayen da suka zo wurina tun kafin abu ya lalace ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

Shi dai yaron nan, na sa shi ya je ya bugo takardun sakamakonsa na zango takwas ya dawo a ranar. Muka baje su a tebur, na ba shi biro na ce shi zai bi su kwas bayan kwas yana karantawa da ƙarfi, ni ina duba kundin sashe. Ya ce wannan ne karo na farko da ya ga takwas ɗin a wuri guda. Muka ƙirga yunit, muka sake ƙirgawa. Allah ya taimake shi, wannan ɗayan ne kawai. Zai yi rijista in an buɗe shekara, zai zauna cikin yara 'yan shekara sha bakwai a babban ɗakin lakca.

Da suka tashi tafiya, dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, shi wannan tes ɗin da ka ce, yaushe ake yin sa?" Na ce yawanci mako na shida ko na bakwai da fara karatu, malamin kwas ne ke sa rana. Ya ce in rubuta masa. Na yago 'yar takarda na rubuta sunan kwas ɗin da lambarsa da makon. Bai miƙa wa yaron ba. Ya ninke ta sau huɗu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar da hular, sannan ya ce wa ɗan nasa ya wuce gaba su je tasha kafin motar garinsu ta cika.

Na gode, Edita. Wassalam.

Naka,
Wani kodinetan aji,
daga wata jami'a a Arewa.